Waye ke kwana a barandar shagonka?

Cikin hunturun bara ne, muna jinyar ƙanin babanmu a asibitin Shika da ke Zariya, ranar ni ne da kwana amma wajen ƙarfe biyun dare sai aka ce in koma gida in ɗauko wasu takardu da za a nema da sassafe, haka na hau mashin ɗin yayana na kamo hanya, sanyi kaman zai tsaga ƙashi, hazo ya rufe ko'ina fitilar mashin ma da ƙyar take nuna gabana. Ina isowa Kwangila na ɗan tsaya in gyara hular sanyi, sai idona ya kai ƙarƙashin gada da barandun shagunan da ke wajen, na ga abubuwa a jere a ƙasa na ɗauka buhunan kaya ne aka sauke ana jiran mota. Sai buhu ɗaya ya yi tari. Wallahi mutane ne, kowa ya zura ƙafafu cikin buhu ya ja leda ya rufe kai, wasu a kan kwali wasu a kan siminti tsura, wani ya ɗaure takalminsa a hannu kar a ɗauke.

Wanda ya yi tarin ya ɗago muka haɗa ido, kuma na san shi. Dattijon da ke tura baro a kasuwar Sabon Gari ne, shekara da shekaru shi ke ɗauko wa mahaifiyarmu kaya in ta je sayayyar azumi ko ta biki, mun gaisa ya fi a ƙirga, ina ce masa Baba yana ce min yaro, ban taɓa tambayarsa ina yake kwana ba. Na ce Baba ina wuni, ya ce lafiya lau yaro, ya mai jiki, don ya ji labarin jinyar a kasuwa. Shi ya san halin da gidanmu ke ciki, ni ban san nasa ba. Na ja mashin na wuce, amma har na koma Shika abun bai bar raina ba.

Washegari na kai maganar majalisarmu, nan ƙofar shagona a Tudun Wada inda muke zama bayan isha'i. Abun da ya fara fitowa daga bakin mutane shi ne ai babu wannan a ƙasar Hausa, rashin wajen kwana na Turawa ne, su Amurka da Ingila da ake nuno mutum kwance a bakin titi da karensa, mu nan kowa na da dangi. Wani ya ce ai almajirai ne, wani ya ce mahaukata ne, wani ya ce 'yan ci-rani ne suna da gidajensu a ƙauye. Kuma a nan na gane inda gizo ke saƙa. Kowanne mun riga mun ba shi suna, da zarar ka ce almajiri ko ɗan dako ko ɗan jari bola toh ka gama da shi, ka ajiye shi a inda kake ganin nan ne wajensa, ba za ka ƙara tambaya ba. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Da rana suna cikinmu suna mana aiki, su ɗebo mana ruwa, su sauke mana siminti, su wanke mana mashin, da dare kowa ya ja ƙofarsa ya sa sakata, su kuma sai inda dare ya yi musu.

Musu ya yi tsawo, daga ƙarshe wani abokinmu malamin firamare ya ce gani ya kori ji, a fita a duba. Mu bakwai muka sa rana, daren Juma'a. Kafin nan sai da muka je wajen mai unguwa muka gaya masa, muka kuma sanar da 'yan sintiri, don yawon dare a wannan zamani ba tare da an san da kai ba neman fitina ne. Wanda ya fi kowa taimakonmu mai shayin bakin titinmu ne, don duk wanda ke son sanin waye ke kwana waje a Zariya ya tambayi mai shayi da mai gadi, su ne ke farke sanda gari ya yi tsit. Shi ya ce mana kar ku haska wa mutum tocila a fuska, kar ku tashi mai barci, kar ku je da yawa a kan mutum ɗaya zai ɗauka kamu ne ya zura da gudu, ku riƙe fulas ɗin shayi da biredi ku yi sallama ku tsuguna, in ya ga dama ya yi magana in bai ga dama ba ku ajiye masa ku wuce. Haka muka yi. Muka fara daga Agoro muka gangara PZ, muka bi ta wajen tashar jirgin ƙasa, muka zagaya bayan kasuwar Sabon Gari, wani daren kuma muka yi Ƙofar Doka da Ɗanmagaji, muka ƙare a Kwangila.

Abun da muka gani ya rushe duk maganganun majalisa. Eh akwai almajirai, akwai masu taɓin hankali, amma mafi yawan waɗanda muka zauna da su lafiyarsu ƙalau kuma suna da sana'a. Akwai 'yan ci-rani da ke zuwa bayan an gama girbi, su ne masu ga-ruwa da yankan farce da gyaran takalmi, ɗan abun da suka samu gida suke aikawa, in suka kama ɗaki babu abun aikawa, sai su zaɓi kwali. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, wasu ma tun daga Katsina da Zamfara, mutum yana da gonarsa da rumbunsa da shanun huɗa, dare ɗaya ya zama mai kwana a kangon wani, wani magidanci ya ce min matarsa da 'ya'yansa ya raba su gidajen 'yan uwa uku a cikin birni, shi kuma kunya ta hana shi ƙara musu nauyi shi ya sa yake kwana a rumfar mai kayan miya. Akwai wanda damina ta ci ɗakinsa, ginin ƙasa ne a gefen Kubanni, ruwa ya zo ya kwantar da shi kuma babu kuɗin tayarwa. Akwai wani tsoho da ya fi tsaya min a rai, haifaffen birni ne, gidan da aka haife shi gidan gado ne, magada suka yi yawa aka sayar aka raba, kasonsa bai kai ya sayi ko fili ba, ya kama haya ya ci sauran, kuɗi suka ƙare mai gida ya ba shi notis. Ya ce min yaro ni fa da zaure na taso, baƙi na kwana a gidanmu.

Mata kuwa ba ka ganinsu a baranda, shi ya sa muka ɗauka babu su. Yayata ce ta gyara min wannan, ta ce kai dai ba ka sani ba, mace ba ta kwana a fili sai ta rasa yadda za ta yi gaba ɗaya, amma je ka tasha da asuba, je ka kangwaye, ka tambayi masu tuwo-tuwo su waye ke taya su wanke-wanke don a bar su su kwana a rumfa. Wata an sake ta da dare an ce ta fita, iyaye sun rasu, gidansu yana hannun matan 'yan uwa. Wata ta gama takaba dangin miji suka ce ɗakin za a ba wani. Yau tana gidan ƙawa gobe gidan gwaggo jibi an fara yi mata fuska, toh wannan in ba rashin muhalli ba ne mene ne? Kuma abun takaici ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ƙarara ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta tana cikin idda, kusan kowa a garin nan ya karanta ta, amma sai ka ga an watso wa mace kaya waje da goyo a bayanta.

In ka tambaye ni me ya kawo haka zan ce abu biyu ne suka haɗu. Na farko tsada. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, siminti, kwano, kuɗin mota, masu gidaje suka ƙara haya, ga na ejan, ga shi shekara ake so a dunƙule, kuma Zariya garin makarantu ne, ga jami'ar ABU a Samaru da Kongo, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin ilimi da ta zama jami'a, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ɗalibai da ma'aikata na neman ɗaki ko'ina, mai tura baro ba zai iya gasa da su ba. Na biyu shi ne wanda ya fi min ciwo, zaure ya mutu. Da can duk gidan da ya amsa sunan gida yana da zaure, baƙo ya iso gari da magariba ya yi sallama a masallaci, liman ko mai unguwa ya haɗa shi da wani gida, a shimfiɗa masa tabarma a fito masa da tuwo, ba wanda zai ce sai ya san asalinsa. Kakarmu har ta rasu ba ta yarda a kankare tukunya, sai an bar na baƙo. Yanzun ginin zamani get ne da katanga da waya a sama, zaurukan da suka rage kuma an fasa an mayar shaguna.

Ba zan ce mutane mugunta ce ta sa suka rufe ƙofa ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Duk ɗan Zariya yana tune da bam ɗin da ya tashi a sakatariyar Sabon Gari ranar 7 ga Yuli 2015, bayan shi ne gwamnatin jiha ta hana bara da talla a tituna, masallatai da yawa aka koma kulle su bayan isha'i, baƙon fuska ya zama abun zargi. Sai kuma 2020 lokacin korona da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, muna fatan alheri, amma dattijo mai baro da bazawara mai goyo ba sa cikin wannan lissafin, kuma hana mutum bara ko kora shi daga bakin titi ba ya samar masa ɗaki, sai dai ya matsa lungu inda ba a ganinsa.

Toh mu ba mu da kuɗin gina wa kowa gida, ni gyaran waya nake, wani tela, wani ɗan acaɓa, wani malami. Abun da muka ga za mu iya shi ne mu sa unguwa ta sani, kowa ya san waye ke kwana a barandarsa, ya san sunansa da garinsu da abun da ya fito da shi. Ba ƙungiya muka kafa ba, ba mu da suna ba mu da shugaba, guruf ne kawai a WhatsApp da wani littafi mai bangon kwali da malamin nan ke riƙewa.

Wajen liman muka fara zuwa. Muka zauna bayan la'asar muka ce Allah gafarta malam ga abun da muka gani, ya yi shiru ya jima, sannan ya ce shi kansa akwai wanda ke kwana a bayan bangon masallacin nan kuma kullum shi ne a sahun farko da asuba, bai taɓa kawo komai a ransa ba. Satin nan a karatun tsakanin magariba da isha'i ya ɗauko tarihin Ahlus Suffa, sahabban da ba su da gida ba su da dangi a Madina suke kwana a gefen masallacin Annabi (SAW), cikinsu har da Abu Huraira da muke jin sunansa kullum a hadisi, ya kuma kawo aya ta 60 a Suratut Tauba inda aka lissafa masu cin zakka, ga faƙirai ga miskinai ga ɗan hanya, sannan ya ce jama'a wanda ya san akwai mai kwana a ƙofar shagonsa ya ɗaga hannu. Da farko ba wanda ya motsa, can sai hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan zaman ya yi aikin da wata shida muna surutu a Facebook ba zai yi ba.

Mata su ma suka ɗauka ta nasu ɓangaren, kuma gaskiya sun fi mu iya abun. Yayata ta kai maganar Islamiyyarsu ta matan aure, malamarsu ta ba ta minti goma, aka tashi da shawarar duk zubin adashe za a riƙa ɗora wani ɗan abu a kai a ware, ba don rabon abinci ba, don kuɗin ɗaki, in an ji wata ta rasa wajen zama a haɗa ta da wata tsohuwa mai ɗaki ita kaɗai, a biya wani abu, ita tsohuwar ta samu mai taya ta aiki da hira ita kuma ta samu rufin asiri. Su ke sanin wacce aka saka jiya da wacce dangin miji ke shirin tasa, labarin da mu maza ba za mu taɓa ji a majalisa ba. Malamin firamaren nan kuma ya sa 'yan ajinsa kowa ya je ya tambayi kakarsa ko kakansa yadda ake sauke baƙo a da ya rubuto, yara suka koma gida da tambaya, iyaye suka fara zuwa suna cewa wai me ake ciki ne.

Inda muka samu saɓani sosai shi ne maganar hoto. Wasu cikinmu suka ce in ba a ɗauki bidiyo an sa a TikTok da Facebook ba masu kuɗi ba za su taimaka ba, sai an ga ido. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi, har yau kuma ban canja ba. Mutumin da ya ɓoye wa danginsa halin da yake ciki, yana aika musu kuɗi suna ɗauka yana da ɗaki a birni, kai kuma ka zo ka miƙa masa bargo da hannu ɗaya waya a ɗaya hannun, gobe surukinsa ya gan shi a sitatus, me ka yi masa? Ka ba shi bargo ka yaye masa zani. Aka yi ta ja har wani ya fita daga guruf ɗin kwana biyu ya dawo, daga baya muka tsaya a kan za a iya ɗaukar wajen kwanan da safe bayan sun tashi, kwali da buhu da ledar da aka naɗe aka soke a jikin bango, ba fuska ba suna. Kuma abun mamaki hotunan nan sun fi taɓa mutane, don kowa ya gane barandar, wani ya rubuto ya ce wannan ai ƙofar shagon babana ce. Wata ɗaliba daga Samaru ce ta gaya mana ashe akwai ranar da aka ware a duniya don marasa muhalli, 10 ga Oktoba, tun 2010 ake yi, mun ji daɗin sani, amma mu namu lokacin shi ne Disamba da Janairu, sanda iska ke kaɗawa leɓe na fashewa.

Akwai masu cewa kuna tara mana ɓarayi da infoma a unguwa. Ban raina wannan magana ba, don an sha cutar mutane ta hanyar tausayi. Amsar da mai unguwa ya bayar ita ce ta fi tawa, ya ce mutumin nan dama yana nan, shekara nawa yana kwana a lungunku ba ku san shi ba, wanne ya fi hatsari, wanda aka san sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa, ko wanda ba a sani ba? Don haka duk wanda za a ba wajen kwana sai an kai shi gaban mai unguwa, a samu wanda ya san shi a kasuwa ko a tasha, sarkin dako ko shugaban 'yan ga-ruwa ko wani ɗan garinsu, a rubuta. Masu taɓin hankali da masu shaye-shaye kuwa mun san ba aikinmu ba ne mu kaɗai, abun da muke yi shi ne neman danginsu, mun dace da ɗaya, 'yan uwansa suka zo daga wajen Soba suka kai shi asibiti, sauran muna dai kai musu abinci da rigar sanyi muna kuma hana yara jifansu.

Barguna da rigunan sanyi mun samu daidai gwargwado, 'yan gwanjo na Sabon Gari da suka ji abun da ake yi suka riƙa yi mana ragi wani ma ya ƙara mana kyauta, telan cikinmu ya haɗa ƙyallaye ya ɗinka huluna. Amma abun da na fi murna da shi zaure ne. Wata Hajiya a layinmu, mijinta ya rasu 'ya'ya duk suna Kaduna da Abuja, zaurenta cike da tsofaffin kujeru da buhunan gawayi, ita ta aiko a kira ni bayan ta ji karatun liman ta lasifika. Na je na durƙusa na gaishe ta, ta ce ɗan nan, mai gidan nan da yana raye zauren nan bai taɓa kwana ba kowa ba, ku zo ku kwashe tarkacen nan. Ranar Asabar muka kwashe, muka share, aka toshe inda ke yoyo, aka sa ƙyaure da kwaɗo, aka shimfiɗa tabarmi uku.

Na hau mashin na tafi kasuwar Sabon Gari neman Baba mai baro, na same shi yana ɗaure buhunan albasa. Da na gaya masa sai ya ce a'a yaro, a ba wanda ya fi ni buƙata, akwai wani tsoho da muke kwana tare ƙafarsa ta kumbura. Na ce Baba tabarma uku ce. Ya ce toh sai dai in zai riƙa biyan wani abu, ba zai zauna a gidan mutane haka nan ba, na koma na gaya wa Hajiya ta ce ba ta karɓar ko kwabo, in yana so ya riƙa ɗebo mata ruwa yana share ƙofar gida. A haka aka daidaita. Da magariba suka iso shi da tsohon, kayansu duka a cikin baron, buhu biyu da buta da wata 'yar rediyo, Hajiya ta aiko yaro da kwanon tuwo da miyar kuka. Tabarma ta ukun tana nan ba kowa tukuna, daren Juma'ar nan za mu fita ta wajen Muciya da Cikaji, mai son zuwa ya same mu a ƙofar shago bayan isha'i, ya taho da fulas in yana da shi.